Tambaya da Amsa: Katse Sabis da Haɗa Layi da NIN, Wa Suka Kama?

TAMBAYA

Malam, ni mai sana'ar POS ne a garin Tsafe ta jihar Zamfara. Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisar da muke zama bayan sallar isha'i, har muka yanke shawarar a rubuto maka.

A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, muna ce masa Baba. Shi a ganinsa maganin 'yan bindiga guda ne, a sake katse sabis kamar yadda aka yi a 2021. Ya ce lokacin ne kaɗai ya ga infoma sun rasa yadda za su yi, masu garkuwa kuma suka rasa hanyar cinikin kuɗin fansa. Wani abokina mai shagon cajin waya kuwa cewa ya yi wahala kawai aka ba talaka. Ya ce mun yi sammako mun sha rana wajen haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, aka ce mana da an gama duk wanda ya kira neman kuɗin fansa an kama shi, ga shi yau har bidiyo suke sakawa a TikTok. Na ukunmu matashi ne ɗan siyasa. Shi ya ce ba tsaro ake nema ba, bakin mutane ake son toshewa, hujjarsa kuma ita ce rufe Twitter da aka yi a shekarar 2021 ɗin dai.

Ni kaina na rasa inda zan tsaya. Lokacin da aka ɗauke sabis sana'ata ta tsaya cik, sai na shiga mota zuwa Funtuwa kafin in kira ƙanena da ke Legas, daga baya Funtuwar ma aka ɗauke. Amma ba zan ƙaryata Baba ba, a makonnin farko an ɗan samu sauƙi a wasu hanyoyi. To Malam, wa ya fi gaskiya? Me ya hana a kama mutanen nan ta lambar waya? Kuma gwamnati tana da hurumin ɗauke wa jiha guda sabis?

Naka mai karatu, daga Tsafe.

AMSA

Malam, na gode da wannan wasiƙa. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa, ya dawo da waɗanda ke hannun mutanen nan gida lafiya. Ka gaishe min da Baba da sauran 'yan majalisa. Tun da alƙalanci kuka ba ni, ba zan yi kwana-kwana ba. Mai cajin waya ya fi kusa da gaskiya, ko da yake bai faɗi dalilin duka ba. Baba ya ga sauƙi na gaske, amma ya jingina shi ga abin da ba shi kaɗai ya kawo shi ba. Matashinku kuwa ya cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba.

Mu fara da lambar waya, don a nan aka fi yi wa jama'a romon baka. Duk wayar da ke kunne tana haɗe da ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da ita, kamfani kuma yana ajiye bayanin kowane kira: wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, minti nawa aka yi, ta wane ƙarfen sabis kiran ya bi. Ban da lambar layi, ita kanta wayar tana da tata lambar mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke nan daram ko an sauya sim. Saboda haka gaskiya ne ana iya bin sawun waya. Sai dai birni daban, daji daban. A Kano ko Abuja ƙarafan sabis a cunkushe suke, waya ɗaya tana iya kama uku ko huɗu a lokaci guda, sai a auna tazararta da kowanne a gano unguwar da take. A bakin dajin Rugu ko Kuyambana ko Sububu kuwa, ƙarfe ɗaya ne ke ɗaukar ƙauyuka masu yawa. Iyakar abin da na'ura za ta nuna shi ne mai kiran yana wani wuri a cikin faɗin kilomita da dama. Shi kuma ba daga sansaninsa yake kira ba. Babur zai hau ya je kan tudun da sabis ke kamawa, ya faɗi abin da zai faɗa, ya kashe waya, ya juya.

Sannan da wayar wa ake kiran? Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa ya san amsa. Galibi da wayar wanda aka kama ake kiran iyalinsa. In an buɗe rajista, suna da hoton da za a gani na bawan Allahn da ke ɗaure ne. In ba tasa ba ce, to ta wani ce da aka ƙwace a hanya, ko layin da aka yi wa rajista da lambar wata tsohuwa ta ƙauye wadda aka karɓi NIN ɗinta da sunan za a ba ta tallafi. NIN tana iya gaya maka layi na wane ne a takarda. Ba ta san a hannun wa yake yau ba.

Ga kuma wanda ya fi waɗannan biyu girma, ku mutanen Tsafe kun fi ni saninsa. Manyan 'yan bindigar nan ba ɓoyayyu ba ne da sai kwamfuta ta tono su. An san sunayensu, an san iyayensu, an san dajin da kowa ke riƙe da shi. Sun zauna taron sulhu da jami'ai, sun yi hira da 'yan jarida, BBC ta nuna wasunsu ido da ido a wani shiri da ta fitar a Yulin 2022. A cikin wannan wata na Yulin 2022 kuma, a 'Yandoto ta ƙaramar hukumarku, aka naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani da rana tsaka a gaban jama'a, mutumin da 'yan sandan Katsina suka ba da cigiyarsa tun 2020, har sai da gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Wanda aka yi wa naɗi a fili ba a buƙatar NIN a gano shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jami'an da za su shiga dajin da isasshen kayan aiki, su kuma zauna bayan sun shiga, da kotun da za ta yanke hukunci a kan wanda aka kamo. Waɗannan ba abin da kamfanin waya zai iya yi a kai.

Kuma ba yau aka fara yi mana wannan alkawari ba. Tun 2011 aka soma rajistar layuka da hoto da zanen yatsu, hujjar kuma tsaro ce. A 2015 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.2 da ba a yi musu cikakkiyar rajista ba, naira 200,000 kan kowane layi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. A Disamban 2020, lokacin Dakta Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi. Ranar 4 ga Afrilun 2022, mako guda bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Fasinjojin ƙarshe na wannan jirgi ba su fito ba sai a watan Oktoba, ana ta magana da masu riƙe da su ta waya, suna ta sakin bidiyo. Wa'adin ƙarshe na haɗa layi ya cika a Satumban 2024. Shi kansa Pantami, bayan ya bar kujera, ya fito a Janairun 2024 yana kokawa cewa hukumomin da abin ya shafa ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata.

Ba na cewa aikin banza ne gaba ɗaya. Ƙasa tana buƙatar sanin mutanenta, kuma rajistar tana taimakawa wajen kama ɗan damfarar cikin gari, da wanda ya karɓi kuɗin laifi ta asusun banki, da infoman da ke zaune a unguwa yana amfani da layinsa. Laifin shi ne an sayar wa jama'a ita a matsayin maganin garkuwa da mutane, alhali ba ta kai nan ba.

Yanzu ga maganar Baba, wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Ranar 3 ga Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe ƙarafansu a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon Gwamna Bello Matawalle, kwana biyu bayan sace ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun. Makonni biyu aka ce da farko. Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Katsina ta biyo baya da ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwar da ka je nema, Sakkwato da 14, Kaduna ma ta ɗauke a wasu yankunanta. Amma Malam, ka tuna wa Baba abin da aka haɗa da shi. An rufe kasuwannin mako. An hana sayar da fetur a jarka. An hana safarar shanu a mota. An taƙaita zirga-zirgar babura. Sojoji sun shiga wasu dazuzzuka, jiragen yaƙi suna ruwan wuta. Ɗan bindigar da babur ɗinsa ba mai, ba kasuwar da zai sayar da shanun sata, ba mai kai masa burodi da garin masara, dole ya ji jiki ko da wayarsa tana aiki. To a cikin matakan nan wanne ne ya kawo sauƙin? Ni na fi zargin fetur da kasuwa. Duk wanda ya ce sabis ne, sai ya kawo hujjar da ta raba shi da sauran.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Idan aka ɗauke sabis, labarin hari ma ɗaukewa yake yi. Ƙauyen da aka shiga da dare ba shi da hanyar sanar da kowa sai wanda ya tsira ya taka da ƙafa zuwa gari, kafin labari ya isa gidan rediyo an yi kwanaki. Mutumin da ke zaune a gari sai ya ji shiru ya ɗauka lafiya ce. Wani ɓangare na sauƙin da aka ji na gaske ne, wani ɓangaren kuwa rashin ji ne kawai. A tsakiyar Oktoban 2021, ana cikin wannan hali a jihar Sakkwato, aka afka wa kasuwar Goronyo aka kashe mutum sama da 40.

Mun ma taɓa ganin wannan a Arewa maso Gabas. A Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka ɗauke sabis. Ranar 6 ga Yuli 'yan Boko Haram suka shiga makarantar sakandaren Mamudo kusa da Potiskum suka kashe ɗalibai masu yawa. Gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, da kansa ya roƙi a dawo da sabis, domin mutanen da suka ga baƙin fuskoki ba su da hanyar sanar da jami'an tsaro. Wayar da infoma ke amfani da ita, da irinta ɗan banga ke kiran ɗauki, da ita mutanen wannan ƙauye ke gaya wa na gaba cewa ga babura nan sun nufo ku. Infoma a ƙauye 'yan tsiraru ne. Masu buƙatar kiran ɗauki kuwa kowa da kowa ne.

Shi kuma mai bindiga yana da kuɗi, yana da lokaci, yana da babur. An samu rahotannin sun koma amfani da oba-oba, waɗanda ke kusa da iyaka suka riƙa kama sabis ɗin Nijar, wasu suka riƙa aika wasiƙa ko ɗan aike zuwa ga iyalan waɗanda suka kama, wasu kuma suka kwashe suka koma jihohin da ke da sabis. Wanda ba shi da mafita shi ne irinka mai POS, da mai ɗakin cajin waya, da ɗan kasuwar hatsi da ke jin farashin kasuwar Dawanau ta waya kafin ya ɗaure buhu, da ɗalibin da rajistar jarrabawarsa ke intanet, da mai naƙuda da ake neman mota cikin dare, da matar da mijinta ke ci-rani a Kudu yana turo mata na cefane. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aka maimaita wannan tunani bayan shekara guda. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma cikin dalilan da aka bayar har da karya masu karɓar kuɗin fansa. Kai da ke sana'ar POS ba sai na ba ka labarin farkon 2023 ba. Masu garkuwa dai ba su daina ba, dama can suna karɓar babura da kayan abinci da katin waya. Jihohin da suka fara kai ƙarar Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli a kan cewa talaka yana shan wuya su ne Kaduna da Kogi da Zamfara. Biyu daga cikinsu su ne suka ɗauke wa talakan nasu sabis a 2021.

Sai maganar matashinku. A kan Twitter yana da gaskiya. An dakatar da shi a farkon Yunin 2021, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, bayan an ce kamfanin ya amince zai yi rajista a Najeriya ya biya haraji. A Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Wannan fushin hukuma ne, ba wani batun daji a ciki. Maƙwabtanmu ma sun san irinsa. A Nijar an ɗauke intanet ta waya kusan kwana goma a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin rikicin sakamakon zaɓe tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. A Chadi an toshe shafukan sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. A Kamaru yankunan masu magana da Turancin Ingilishi sun yi wajen wata uku ba intanet a 2017. Duk waɗannan siyasa ce tsagwaronta.

Amma ɗauke sabis a Zamfara ba irinsu ba ne, kuma ba aikin jam'iyya ɗaya ba ne. Gwamnatin PDP ce ta yi a 2013. A 2021 Matawalle da Aminu Masari na Katsina da Nasir El-Rufai na Kaduna 'yan APC ne, Aminu Waziri Tambuwal na Sakkwato kuwa ɗan PDP. Ina ganin gwamnonin da gaske tsaro suke nema, sun rasa madafa ne suka kama abin da ya fi sauƙin kamawa. Kashe ƙarfen sabis wasiƙa ɗaya ce. Kafa sansanin soja a tsakiyar daji da ciyar da shi shekara da shekaru kuwa sai an zuba kuɗi da rayuka. Idan matashinku ya ce komai siyasa ne, ya sauƙaƙa wa masu mulki, don sai su ce ai ɗan adawa ne ke magana. Gara ya ce musu mun yarda tsaro kuke nema, to ku nuna mana abin da aka samu.

A kan hurumi kuwa, e, akwai shi a takarda. Dokar Sadarwa ta 2003, sashe na 148, ta ba NCC ikon dakatar da ayyukan sadarwa idan an shiga halin gaggawa ko don kare lafiyar jama'a. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin karɓa da isar da bayani a sashe na 39, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, da sharaɗin ta hanyar doka ne kuma abin da hankali zai ɗauka a ƙasar dimokuraɗiyya. A nan gardamar lauyoyi take. Kashe sabis na kwana biyu ko uku a yankin da sojoji ke shiga yau, wannan ana iya kare shi, ni ma ba zan yi musu ba. Amma a ce makonni biyu a wayi gari an yi kusan wata uku, a jiha mai miliyoyin mutane, ba diyya ga wanda sana'arsa ta mutu, ba wata hanyar kiran ɗauki da aka tanadar wa ƙauyuka, wannan ya wuce gona da iri.

Don haka ga abin da zan ce ka kai wa Baba, cikin ladabi. Idan aka sake zuwa da maganar ɗauke sabis, kada majalisarku ta tsaya a kan e ko a'a. Ku tambayi ɗan majalisarku da shugaban ƙaramar hukuma: wane yanki, kwana nawa, wane aikin soja ne zai gudana a cikin kwanakin, kuma ta wace hanya ƙauyen da aka kai wa hari zai nemi taimako? In ba amsar waɗannan, ku ƙi yarda.

Kai kuma Malam, da yake mutane da yawa suna bi ta teburinka kullum, ka riƙa yi musu tuni. Kada kowa ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista, komai arharsa. Kada a ba wani lambar NIN ko a tsaya a ɗauki hoton fuska da sunan tallafi sai an tabbatar da ko su wane ne. Wanda wayarsa ta ɓata ko aka ƙwace, ya je ofishin kamfanin a rufe layin a ranar, ya kuma nemi a duba masa layuka nawa ke kan NIN ɗinsa. Idan aka yi laifi da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, ba ta mutumin daji ba.